A Ina Shaho Ke Kwana?

A gabashin Ingila, a yankin Norfolk, akwai wata babbar fadama da ake kira Hickling. A watan Disamba rana kan faɗi a can tun ƙarfe 4 na yamma ba ta cika ba, ga iska mai ratsa ƙashi tana busowa daga teku. Duk da haka, tun wajen ƙarfe 2 da rabi za ka ga mutane sun ajiye motocinsu sun kama wata siririyar hanya mai taɓo da ƙafa, kowa ya naɗe cikin rigunan sanyi, madubin hangen nesa rataye a wuya. Inda suka nufa wani ɗan tudu ne kusa da tsohon injin iska mai suna Stubb Mill, wanda a da yake janye ruwa daga gonaki. Ba wasa ake yi a wurin ba, ba kuma abin sayarwa. Tsayuwa kawai suke yi, suna fuskantar fili mai faɗi na karan fadama da 'yan bishiyoyi jefi-jefi, suna jiran tsuntsaye masu farauta su dawo kwana.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne shahon fadama, wanda Turawan Ingila ke kira marsh harrier. In ya buɗe fikafikansa sukan haura mita ɗaya. Macen ta fi namijin girma, jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu, kanta kuma fari-fari. Namijin yana da toka-toka a fiffike da wutsiya, bakin fikafikan baƙi. Ba ya tashi can ƙololuwa yana shawagi irin na shirwa. Ƙasa-ƙasa yake bi, dab da kan ciyawa, a hankali, fikafikai a ɗage sama kaɗan, kai a sunkuye, yana kallo yana kuma saurare, domin gashin fuskarsa a kewaye yake irin na mujiya, yana tattaro masa sauti. Ɓeraye yake ci, da kwaɗi, da ƙananan tsuntsaye, da 'ya'yan zomo, in sanyi ya yi tsanani har mushe.

Da farko ɗaya za ka hango, can nesa, yana tafe daga wajen gonaki. Sai wani daga bakin teku. Sai biyu daga wata kusurwar. Ba a tare suke zuwa ba, don ba a tare suka yini ba. Kowa da inda ya yi farautarsa. Wasu su sauka kan ƙananan bishiyoyi su zauna shiru. Wasu su yi ta kewaya karan, su faɗa ciki, su sake tasowa kamar wurin bai yi musu ba. Haske na raguwa suna ƙaruwa, har ya kai ga mai kallo ya rasa wanda zai bi da ido: goma, ashirin, talatin a sama lokaci guda. A yammacin da aka dace akan ƙirga gommai, wani lokaci har kusan ɗari. A tsakaninsu ɗan'uwansu mai launin toka fat yakan gifta, shi ba shi da yawa, kuma da an hango shi sai ka ji raɗa ta bi layin masu kallo. Ƙaramin shaho mai saurin tsiya yakan wuce kamar an harbo shi. Farar mujiya ta fito, ita yanzu nata aikin zai fara. Daga ƙarshe gaurakin Turai su iso da kukansu mai kai wa nesa, tsuntsayen da suka yi shekaru wajen 400 ba su yi sheƙa a Ingila ba, sai a 1979 wasu 'yan kaɗan suka sauka a Horsey, maƙwabciyar wannan fadama, suka zauna. Kafin duhu ya gama rufewa duk shahunan sun nutse cikin karan, fili ya koma kamar ba kowa.

Tambayar da ta fara zo mini game da wannan al'ada ita ce: me ya sa sai da yamma? Da rana ai an fi ganin tsuntsu sosai, launinsa da farautarsa. Amsar ita ce, da rana ba ka ganin komai sai ɗaya. Shaho ɗaya a kan gona bai gaya maka ko su biyar ne a yankin ko ɗari biyar. Kana iya ganin guda ɗaya sau huɗu ka ɗauka huɗu ne, kana iya yini ba ka ga ko ɗaya ba ka ce sun ƙare. Sai a makwanci lissafi ke fita. Shi ya sa tun lokacin sanyin 1983 masu sa kai a Birtaniya suke zuwa makwantan shaho mai launin toka a rana ɗaya da aka tsayar, kowa a nasa wurin, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. A makwanci ne kuma ake sanin abin da suke ci. Tsuntsu mai farauta yakan amayar da abin da cikinsa bai narkar ba, gashi da ƙashi da ɓawon ƙwari, a dunƙule. Masu bincike su tsince su bayan tsuntsayen sun tashi, su warware, su karanta abincin mako guda a tafin hannu.

Lissafin nan yana da nauyi a Ingila saboda sun taɓa kusan rasa shahon fadama baki ɗaya. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 an busar da fadamu da yawa an mai da su gonaki, masu gadin dabbobin farauta suna harbe shi, masu tara ƙwai suna kwashe sheƙarsa, har ya daina haihuwa a ƙasar. Ya dawo a hankali, sai magungunan ƙwari irin su DDT suka shiga abincinsa. A 1971 ma'aurata ɗaya tak suka rage a duk Birtaniya, a fadamar Minsmere da ke Suffolk. Aka taƙaita magungunan, daga baya aka haramta su, doka ta kare tsuntsun, aka gyara fadamu. Ƙiyasin da aka yi na 2016 ya kai ma'aurata wajen 600. Tsofaffin da ke tsaye a kan tudun nan cikin sanyi, da yawansu sun girma a lokacin da ganin shahon fadama guda ɗaya labari ne na shekara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke kwanan. Wannan tsuntsu ne da sauran halittun fadama ke tsoro. Da inuwarsa ta gifta, agwagin ruwa sai su tashi. Amma in dare ya yi ba ya hawa kan dogon itace. Ƙasa yake sauka, cikin kara, a kan tattakakkiyar ciyawa, inda ruwa ke kwance a ƙarƙashi ko a kewaye. A duhu faratansa ba su da amfani, idonsa ma haka. Yanyawa za ta iya kama shi yadda shi yake kama ɓera. Ruwan nan shi ne katangarsa, karan kuma shi ke tare masa iska. A tsakiyar sanyin Ingila dare yakan haura awa 16, wato kashi biyu cikin uku na rayuwarsa a wannan lokaci a makwanci yake yinsa, ba ya ci, yana ƙona ɗan abin da ya samu a gajeren yini don ɗumama jiki. In aka tashe shi cikin dare sau ɗaya, ƙarfin da zai yi farauta da shi gobe ne ya tafi. In aka yi ta tashinsa, sai ya bar wurin. Ƙarfin nan da ake sha'awa da rana, a wurin da ba a gani ake tara shi.

Me ya sa kuma mafarauci da ya yini shi kaɗai yake neman 'yan'uwansa da dare? Wani dalilin a fili yake: wurin da ya dace ba shi da yawa, kuma kunnuwa da yawa sun fi biyu. Akwai kuma wani bayani da asalinsa ke da alaƙa da ƙasarmu. Wani masani mai suna Peter Ward ya yi nazarin tsuntsayen jan-baki a arewa maso gabashin Najeriya a shekarun 1960, waɗannan da manoman gero da dawa da shinkafa suka sani sarai. A 1973 shi da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin cewa makwanci wurin samun labari ne: wanda ya kwana da yunwa yakan lura da wanda ya dawo a ƙoshe, da safe ya bi shi. Har yau masana na muhawara kan iya tsuntsayen da wannan ya shafa, amma ra'ayin ya sauya yadda ake kallon taron kwana.

Kada a ɗauka fadamar Hickling haka Allah ya bar ta ba hannun mutum. Tafkunan yankin ramuka ne da mutane suka haƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna ɗibar baƙar ƙasar fadama da ake busarwa a yi makamashi, daga baya ruwa ya cika su. Wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ita ta tabbatar da haka a shekarun 1950. Karan ma in an bar shi ba yanka, busasshensa yakan taru, ƙasa ta tashi, ruwa ya ja baya, itatuwa su cinye wurin. Don haka ake yankansa kashi-kashi a lokacin sanyi, a yi rufin ɗaki da shi, ana kuma lura da tsayin ruwa. Ƙungiyar Norfolk Wildlife Trust, wadda aka kafa a 1926, ita ke kula da wurin. Tudun masu kallo kuwa da gangan aka ajiye shi nesa. Mutum ya yi tafiya mai tsawo, ya sha sanyi, amma bai isa ya matsa kusa ba, kuma ya yarda da hakan.

Tsaron makwanci kaɗai bai wadatar ba, wannan gaskiya ne. Shaho mai launin toka yana samun kwanciyar hankali a fadamun kudu da sanyi, amma in bazara ta yi ya koma tsaunukan arewa yin sheƙa, inda ake kiwon wani tsuntsu dangin fakara don masu kuɗi su harba, can ake kashe shi a ɓoye duk da doka ta hana. A 2013 ko sheƙa ɗaya ba ta fitar da 'ya'ya ba a duk Ingila. Sai dai masu ƙirga a makwanci suna cikin waɗanda suka fara ganin gurbin da aka bari.

Shahunan da ke kwana a Hickling cikin Disamba su ne waɗanda suka zauna. Mafi yawan danginsu na Turai ba sa zama. Daga Suwidin da Holan da Jamus da Folan sukan keta Bahar Rum da Sahara su sauka a yankinmu, su yi hunturu tare da mu. An ɗaura wa wasunsu 'yan na'urori masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, aka ga tsuntsu guda yana komawa fili ɗaya shekara bayan shekara. Akwai wani siriri a cikinsu wanda in ya zo nan kusan ba abin da yake ci sai fara. Masu bincike daga Holan sun bi shi har Nijar da Senegal, suka tarar yana kwana a ƙasa cikin ciyawar saura, yana matsawa kudu sannu a hankali yayin da rani ke busar da ƙasa. A Janairun 2007, a wani tsibiri mai suna Kousmar kusa da Kaolack a Senegal, masu bincike daga Faransa suka iske makwanci guda mai ƙananan shahuna masu cin fara fiye da 28,000, da fararen shirwa masu rababbiyar wutsiya wajen 16,000. Da rana waɗannan dubbai a warwatse suke a kan gonaki, manomi ya ga biyu ko uku a kan gonarsa bai san rundunar da ke rage masa fara ba.

A fadamar Haɗeja da Nguru, wadda wani sashenta ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, duk mai zuwa su ko noman rani da hunturu ya san tsuntsun nan mai bin kan ruwa ƙasa-ƙasa. Labarin wurin ya bambanta da na Ingila. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki. Ba wanda zai ce wa manomin Guri ko na Nguru ya ƙaunaci kachala don shaho. Abin da za a iya cewa shi ne, mai cinna wa saura wuta da rani, ko mai fesa maganin jan-baki a makwancinsu, ya kamata ya san su wa kuma ke kwana a wurin.

To, mu ma garuruwanmu cike suke da masu zuwa da hunturu. Da an gama girbi 'yan ci-rani sukan bar ƙauyukan Katsina da Jigawa da Sakkwato, da na Maraɗi da Damagaram da Tawa, su nufi Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Da rana duk muna ganinsu, ɗaya-ɗaya: ɗan ga-ruwa da kurarsa, mai yankan farce, mai wankin takalmi, ɗan dako a bakin kasuwa, mai rake, mai gadin gidan maƙwabci. Mun san farashin jarka, mun san wanda ba ya ha'inci, wani ma mun san sunan garinsu. Amma mutum nawa ne cikinmu suka san inda wanda ke kawo musu ruwa kullum yake kwana? Muna sayen ƙarfinsa da safe kamar daga sama yake faɗo masa. Mutumin da ya tura kura mai jarka goma sha biyu tun asuba, a daren jiya ko dai ya samu barci ko bai samu ba. Ko ya kwana cikin ɗaki mai ƙyaure, ko a barandar shago yana rungume da ɗan abin da ya tara, yana farkawa duk sanda ƙafa ta gifta.

Wanda ya bi tasha ko bakin kasuwa ko ƙarƙashin gada bayan ƙarfe 12 na dare cikin Janairu zai ga abin da yini ke ɓoyewa. Mutanen da ya saba gani a rarrabe ga su a jere, kan kwali da buhu, an rufa da abin da aka samu. A nan yawansu ke bayyana, da shekarunsu, domin da yawa yara ne, da tarin da ke cin ƙirjin wasu. Ƙasashen da suka damu su san adadin marasa muhalli sun gane haka: a ƙidayar Indiya ta 2011 an ware daren 28 ga Fabrairu aka bi su inda suke kwana. Su ma ba don sha'awa suke haɗuwa wuri guda ba. Mai barci ba ya iya tsare kansa, komai ƙarfinsa, sai dai ya kwanta kusa da wanda ya yarda da shi. A wurin ne kuma sabon zuwa yake jin inda ake neman lebura gobe, da unguwar da famfo ya ɗauke, da wanda zai tafi gida jibi a ba shi saƙo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun fi kowa sanin wannan a da. Fataucin Hausawa a kan masauki ya tsayu. Ayarin goro da ya doshi Gwanja, zango-zango yake tafiya, kuma unguwannin da suka tsiro a Kumasi da Ankara har yau sunan da suke amsawa ke nan. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, mai gida shi ke saukar da baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Fatoma, wato mai masauki, ya san cewa baƙon da ya kwana lafiya shi ke dawowa baɗi. A cikin gari kuma zaure ba ado ba ne. Matafiyi da almajiri da wanda dare ya yi wa sun san akwai inda za su shimfiɗa tabarma. Tun a Madina, masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da rumfar da talakawan sahabbai marasa gida suke kwana, Abu Huraira na cikinsu. Yanzu gidajen da muke ginawa get ne da doguwar katanga, zauren ya zama shago ko garejin mota, masallatai da yawa ana kulle su bayan isha. Akwai dalilai, ban musa ba. Tsaro ya taɓarɓare, kuma wanda aka taɓa yi wa sata ba a ganin laifinsa in ya sa kwaɗo. Sai dai baƙin ba su daina zuwa ba, kuma ba mu daina amfani da su ba. Wurin kwanan kawai muka janye.

Idan kuma aka tashi gyara, sau da yawa kora ake yi. A zo da dare a tarwatsa masu kwana a bakin kasuwa, a rushe rumfunan, da safe wuri ya yi fes. Mutanen ba su koma ƙauye ba, domin abin da ya fito da su yana nan. Sun dai rabu uku-uku, biyu-biyu, cikin kangaye da lunguna inda ba mai ganinsu, ba mai ƙirga su, ba wanda zai lura in ɗaya bai tashi ba. Wanda ake tsoron ɓata-gari ne a cikinsu, a da sarkin tasha ko shugaban 'yan dako ya san fuskarsa da wanda ya kawo shi. Yanzu ba wanda ya sani.

Masu kula da fadamar Hickling ba su ciyar da shaho, ba su kama shi su sa a keji, ba su koya masa farauta. Ruwa suke riƙe masa a inda yake kwana, su yanke karan a kan kari, su hana a dame shi. Ɗan ci-rani ma ba sadaka ya zo nema ba, da sana'arsa ya zo. Abin da ya rasa ɗaki ne mai ƙyaure da zai biya daidai ƙarfinsa, da makewayi, da ruwan alwala, da inda zai ajiye kuɗinsa ya yi barci da ido biyu a rufe. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke karɓar kuɗin shara da na gadi a kowane shago tana iya ware rumfa guda ta yi mata ƙofa. Kwamitin masallaci na iya buɗe baranda da rajista da mai lura. Mai unguwa na iya zagayawa da dattawa biyu bayan isha a farkon hunturu, ya san su wa ke kwana a ƙasarsa, daga ina suke, wa ya san su. Mai gidan da ya ɗauki mai gadi, ya sa shi kwana a kan benci a bakin get daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da gawayi a kasko, shi ba ya buƙatar kwamiti. Buhunan siminti kaɗan da kwano huɗu ne tsakaninsa da ɗakin.